Kafin mu zaɓi gem ɗin gasar bana, ga ɗan tarihi

Jiya da daddare musu ya yi zafi a hostal kan gem ɗin da za a saka a gasar makon ɗaliban Arewa. Wasu sun ce Tekken 7, mutum ɗaya da ɗaya. Wasu sun ce a'a, a saka na tawaga domin 'yan aji ɗaya su samu shiga, tunda idan jarumi ɗaya ya faɗi akwai saura. Ni ina ganin hujjar ta biyu tana da rami, kuma tarihin waɗannan gem ɗin ya nuna inda ramin yake.

Abin ya yi ƙarfi ne a Japan a 1994, lokacin da kamfanin SNK ya fitar da The King of Fighters '94. Shekara uku kafin nan Street Fighter II ya kafa tsarin da kowa ya sani: jarumi ɗaya, abokin gaba ɗaya. SNK suka ce a ɗauki uku-uku, wanda ya faɗi na bayansa ya shigo. A lokacin injinan saka kwandala ake bugawa, kuma yaron da bai iya ba yana ganin kwandalarsa ta saya masa rai uku. Sai dai a fitowar farko ba ka da ikon haɗa tawagarka, takwas ne aka riga aka haɗa. A ta '95 aka ba mutum zaɓi.

Capcom suka ɗauki abin suka ƙara masa gishiri. A X-Men vs. Street Fighter na 1996 kana iya musanya jarumi ana tsakiyar faɗa, wanda ya fita ya huta wani ɓangare na jininsa ya dawo. (Da aka kawo shi PlayStation ta farko sai da aka cire musanyar, na'urar ba ta da ƙarfin ɗaukar kayan.) Sai Marvel vs. Capcom 2 a 2000, kuma nan nake so mu tsaya.

Wannan gem ɗin an yi shi ne da nufin sauƙaƙa wa sabon shiga. Maɓallan duka sun ragu daga shida zuwa huɗu, sauran biyun na kiran abokan tawaga su kawo ɗauki. Jarumai 56 ne, akwai Spider-Man, akwai Ryu, kowa zai ga wanda yake so. Ka danna komai ma, allo ya cika da wuta, ka ji kamar kai ne gwani. To amma ka yi lissafi: zaɓen uku cikin 56 yana ba da tawaga 27,720, ga kowane jarumi da nau'in ɗauki uku. Waɗanda suka zauna suka yi wa abin karatun ta-natsu, musamman a Amurka, suka tace shi ya koma kan 'yan kaɗan: Magneto, Storm, Sentinel, Cable. Justin Wong ya shafe shekaru yana lashe gasar Evo a wannan gem ɗin. Sabon shiga idan ya haɗu da irin waɗannan, ransa ukun nan ba su tsinana masa komai. Jarumi ɗaya na dukansa, wani ya faɗo daga gefe, kuma da zarar na farko ya mutu ana jiran na biyu tun kafin ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Wallahi ka rasa ma ta ina dukan yake zuwa.

Tekken ma ya bi ta nan. Tekken Tag Tournament ya fito a 1999, na biyunsa a 2011, ya iso PS3 da jarumai sama da hamsin. Wanda ya taɓa buɗe jerin dukan jarumi ɗaya a Tekken ya san tsawonsa, yanzu ka ninka biyu, ka ƙara haddace yadda za su haɗa duka tare. Ga shi a nan babu rai biyu ma: jarumi ɗaya ya faɗi, zagayen ya ƙare. Bandai Namco da kansu suka koma ɗaya da ɗaya a Tekken 7, haka ma Tekken 8.

Ba na cewa ba a yi gyara ba. Dragon Ball FighterZ na 2018 uku-uku ne, amma ka yi ta danna maɓalli ɗaya jerin duka zai fita da kansa. Jama'a sun shiga sosai, a Evo na shekarar ya fi kowane gem yawan masu fafatawa, SonicFox ya doke GO1 a ƙarshe. Amma sauƙin fitar da duka daban, sauƙin kare kai daga mutum uku daban.

Abin da masu hujjar ta biyu suka haɗe shi ne abu biyu da ba ɗaya ba. Mutum ɗaya ya riƙe jarumai uku, nauyi ne ya ƙaru a kansa. Mutum biyu su raba tawaga ɗaya, nauyi ya ragu. Tekken Tag 2 yana da wannan tsarin, mutum huɗu, kowa da hannun gem ɗinsa da jaruminsa. Sabon gem ɗin Riot Games, 2XKO, a kan wannan tunanin ma aka gina shi.

Mu nan nesa muke da gida, kuma manufar makon nan ita ce yaron da ya sauka daga motar Gusau ko Azare wata biyu da suka wuce ya san 'yan uwansa. Idan ya biya kuɗin shiga aka cinye shi cikin daƙiƙa arba'in shi kaɗai, ɗaki zai koma, ba ma ƙara ganinsa. Shawarata a kunna tsohuwar PS3 ɗin nan, a saka Tag 2 na mutum huɗu, a yi ƙuri'a a haɗa kowane gwani da ɗan aji ɗaya. Gwanaye za su yi ƙorafi, na sani, don kuskuren yaro ɗaya zai iya fitar da su. Su zauna su koya masa kafin ranar.

Hannu biyu kawai muke da su masu aiki. Duk mai ƙarin biyu ya kawo wurin taron ranar Asabar bayan La'asar.