Rigimar Littattafan Soyayya: Kano Ta Ɗauki Suna, Kudancin Katsina Ya Ɗauki Zafi

Wata malamar firamare daga Bakori ta aiko mana da tambaya. Ta ce tun tana 'yar sakandare take karanta littattafan Hausa a ɓoye, kuma iri biyu ne ba ta iya ajiyewa: wanda ake ɓoye wani sirri sai a littafi na uku asiri ya tonu, da wanda ake kitsa soyayya a zamanin sarakuna da fatake. Yau ga 'yarta tana karatun a waya, ita kuma tana yi mata irin faɗan da aka yi mata. Wai wa ya fara cewa littattafan nan shirme ne?

Malama, ba sai kin je nesa ba. Maƙwabtanki ne suka hura wutar, kuma maƙwabciyarki ce ta fi kowa ba su amsa.

Yaran da shirin UPE na 1976 ya kwasa zuwa makaranta sun tashi sun iya karatun boko, amma sai tattalin arziki ya karye, kamfanonin ɗab'i irin su NNPC ta Zariya suka ja baya. Matasa suka koma buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, akasari a Kano. Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya a 1987, Ado Ahmad Gidan Dabino ya biyo da In Da So Da Ƙauna, kasuwa ta buɗe.

A farkon shekarun 1990 aka fara musayar alƙalami kan littattafan a jaridar Nasiha ta Kaduna. Mai kula da filin adabin shi ne Ibrahim Sheme, ɗan ƙasar Faskari. Wanda ya fi kowa zafin suka kuwa shi ne Ibrahim Malumfashi, wanda a lokacin malamin Hausa ne a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato. Shi ne a 1994 ya laƙaba wa rubuce-rubucen sunan Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta su da ƙananan littattafan kasuwar Onica waɗanda suka yi tashe suka ɓace. Hujjojinsa ba na banza ba ne. Ya ga ƙa'idar rubutu a watse, ba edita, ba mai tacewa. Ya ga labaran da aka kwaso daga finafinan Indiya aka sa musu hula da babbar riga. Ya ga saurayi da budurwa suna abin da, a ganinsa, ba a san Bahaushe da shi ba. Hukuncinsa shi ne wannan yayi ne, zai wuce.

Zuwa 1999 rigimar ta koma Turanci a shafin adabi na New Nigerian, nan ma a hannun Sheme. Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero, wanda a lokacin fanninsa koyar da ilimin kimiyya ne ba adabi ba, ya shigo yana kare marubutan. Yusuf Adamu ma ya tsaya musu. Abin da suka riƙe shi ne littattafan sun sa dubban mutane, musamman matan aure da ke cikin gida, sun riƙe karatu, kuma sun taɓo auren dole da kishi da sakin wulaƙanci, abubuwan da littattafan manhaja ke tsallakewa.

Ni dai na fi karkata ga ɓangaren Abdalla, kuma dalilina na zaune a Funtuwa. Hajiya Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, wadda masu karatu ke kira Anti Bilki, ta fitar da Allura Cikin Ruwa a 1994, shekarar da aka raɗa wa harkar sunan kasuwa. Wa Ya San Gobe da Ki Yarda Da Ni suka biyo baya, na ƙarshen har aka mai da shi fim. Duk wanda ya karanta ta ya san ba 'yan mata masu tsallake katanga take rubutawa ba. Taurarinta masu addini ne, suna karatu mai zurfi, suna zama likitoci da 'yan kasuwa, kuma da ayoyi da hadisai suke kare haƙƙinsu a gidan miji. Wani manazarci Ba'amurke, Novian Whitsitt, ya yi nazari a kanta tare da Balaraba a kan wannan batu. A yankin da noman auduga da masara ke cin lokacin kowa, inda yarinya kan bar aji saboda aure, littafin da ke nuna mata mace da digiri da mutunci a gidanta ba ƙaramin abu ba ne. Shi ya sa kwafi ɗaya kan zaga gidaje har bangonsa ya cire, masu shagon haya kuma suna sake ɗinke shi. Masu suka sun auna littattafan da ma'aunin jami'a. Ba su cika tambayar matan da ke karantawa me suke samu a ciki ba.

Akwai kuma abin da masu kukan lalacewar adabi suka yi wa kallon tsallake. Littattafan gasar 1933 da Rupert East ya shirya, waɗanda ake kafa misali da su, ba wa'azi ba ne. Ganɗoki na Bello Kagara ya ɗauki yaƙin zuwan Turawa ya gauraya da aljanu da tafiye-tafiyen almara. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa labarin zamanin bauta ne, uwa tana bin sawun ɗanta har hamada. Jiki Magayi kuwa, na John Tafida da East, mene ne in ba soyayya ba? Mai kuɗi ya ƙwace wa saurayi budurwa, saurayin ya shiga duniya neman abin ramuwa. Ashe ɗanɗanon malamar Bakori, na tarihi da sirri da so, ya girme ta da shekaru masu yawa. Bambancin kawai, na da hukuma ce ta buga su ta kai makarantu, na baya kuwa matasa da matan aure ne suka buga abinsu ba tare da neman izinin kowa ba.

A nan dole a ba Malumfashi nasa. Da finafinan Hausa suka kankama, marubuta da dama sun koma can, shi kuma ya yi shelar cewa adabin kasuwar ya mutu, saura jana'iza. Kasuwar takarda ta yi sanyi kamar yadda ya hango, kuma kukansa kan rashin editoci har gobe yana nan. Inda hasashen ya kuskure shi ne masu karatu ba su tafi ko'ina ba.

Saura kuma kin san shi. A 2007 Gwamna Ibrahim Shekarau ya jagoranci ƙona littattafan da aka ƙwace a hannun ɗalibai mata, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, hukumar tace finafinai ta Kano kuma ta matsa wa marubuta su yi rajista. Gidajen rediyo suka ci gaba da karanta littattafan ga waɗanda ba su iya boko ba. A 2016 Sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata don mata marubuta. Yanzu labarin a WhatsApp da Wattpad ake sakinsa shafi-shafi, mai karatu ta tura kuɗi kafin a ba ta ci gaba, in kuma marubuciya ta kashe tauraron da ake so, a daren za ta ji daga bakin masu karatunta.