Wuƙar Opinel da Maƙerar da Ta Haife Ta

A garin Saint-Jean-de-Maurienne, can cikin duwatsun Savoie a kudu maso gabashin Faransa, akwai wata tsohuwar maƙera da wutarta ta mutu amma ba a kwashe kayanta ba. Tun 1989 aka mayar da ita gidan tarihi. Wanda ya shiga zai tarar da murhun ƙira, da manyan gudumomin da inji ke ɗagawa ya saki kan ƙarfe, da duwatsun wasa wuƙa. Wurin aikin Jean Opinel ne, ɗan'uwan mutumin da ya ƙago wuƙar, kuma jikansa Jacques ne ya buɗe wa jama'a ƙofarsa.

Asalin labarin kuwa yana sama da garin, a ƙauyen Gévoudaz na yankin Albiez-le-Vieux. Nan Daniel Opinel yake ƙera wa manoma lauje da adda da gatari. Ƙira gado ce a gidan, yadda muka san ta a gidajen maƙeranmu. Ɗansa Joseph, haihuwar 1872, a bakin wutar ya tashi, sai dai hankalinsa na kan injuna. A 1890, yana ɗan shekara 18, ya haɗa wata 'yar wuƙa mai naɗewa cikin ƙotarta ta itace. Uban bai yi murna ba, domin shi aikin hannu ya yarda da shi, kuma ba ya son ganin inji kusa da sana'arsa.

Ina ganin uzurin tsohon, don wanda ya ƙare rayuwarsa da masaba a hannu ba zai so a ce ƙarfe mai juyawa ya gaje shi ba. Amma yaron ya hango abin da uban bai hango ba. Makiyayi da mai gonar inabi suna bukatar wuƙar yankan burodi da cuku da igiya, wadda kuɗinta ba zai gagare su ba, kuma hannu kaɗai ba zai iya samar da ita da arha haka ba. Joseph bai yar da abin da ya gada ba. Sanin ƙarfe da kaifi na gidansu ya ɗauka, ya ba inji aikin sassaƙa ƙota.

A 1897 ya fitar da wuƙar girma goma sha biyu, daga lamba 1 zuwa 12, siffa ɗaya. A 1901 ya gina masana'antarsa a bakin rafi kusa da gida, ruwa na juya masa injuna. 'Yan koli masu ratsa duwatsu da kaya a baya su suka fara kai ta ƙauye-ƙauye.

Hatimin da ke jikin kowace wuƙa ya cancanci a tsaya a kansa. A 1909 Joseph ya yi rajistar hoton hannu mai yatsu uku a miƙe, da kambi a samansa. Hannun daga tambarin garin Saint-Jean-de-Maurienne ya aro shi, inda babban coci ke ajiye da wasu yatsu uku da Kiristocin wurin suka yi imani na Yahaya Mai Baftisma ne. Kambin kuma tuni ne da sarautar Savoie. Ke nan duk inda wuƙar ta je, da alamar garin take tafe.

Da kasuwa ta buɗe, ƙauye ya yi masa kaɗan. A 1915 ya sayi wata tsohuwar majema a Cognin, gefen birnin Chambéry, inda jirgin ƙasa ke kusa. Gobara ta cinye masana'antar a 1926, shi da 'ya'yansa Marcel da Léon suka sake gina ta. Marcel ɗin ne a 1955 ya ƙara wa wuƙar wani zobe mai juyawa, Virobloc, wanda ke kulle ta kada ta naɗe ta datse yatsan mai aiki. Da shi sassanta suka zama biyar: ruwan wuƙar, ƙota, ƙusa da zobba biyu. Joseph ya rasu a 1960. Yau a Chambéry ake ƙera ta, kuma kamfanin yana hannun zuriyarsa.

Girmamawa ta biyo baya. A 1985 gidan tarihi na Victoria da Albert da ke Landan ya sa ta cikin kayayyaki 100 mafiya kyawun ƙira, a 1989 kuma ƙamus na Larousse ya karɓi sunan a matsayin kalmar Faransanci.

Lamba 8 ce aka fi saye, kuma har yanzu da ƙotar itace take. Itace kuwa yana shan laima ya kumbura, ya riƙe ruwan wuƙar gam. Mutanen Savoie ba sa ja da farce. Sai su kama ta ta wajen zobe, su ƙwanƙwasa gindin ƙotar a kan tebur sau ɗaya, bakin wuƙar ya leƙo.