Kaburburan da Abuja Ta Haɗiye

Wuse, Garki, Jabi, Utako, Maitama da Kukwaba duk sunayen ƙauyukan Gbagyi ne, wato Gwari, tun kafin su zama unguwannin birni. A maƙwabtansu akwai Koro, Gade, Gwandara da Bassa. Kowane gari yana da inda yake binne mamatansa.

A watan Fabrairu 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa Doka ta 6, wadda ta mallaka wa Gwamnatin Tarayya ƙasa mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 8,000 don gina sabon babban birnin tarayya, Abuja. Da farko an yi niyyar kwashe kowa da kowa. Da tsadar aikin ta bayyana, sai a 1978 aka koma tayar da waɗanda gini ya cim musu kawai. Aka kai mutanen Wuse Sabon Wuse a Jihar Neja, na Maitama da Kukwaba aka tsugunar da su a Kubwa. Masu rai suka hau mota, kakanninsu suka saura a kufai.

Kabarin ƙauye ba ya jimirin zama babu mai kula. Yawanci tudun ƙasa ne da ɗan dutse, ko fasasshen tulu, ko itacen da aka kafa don shaida, ba suna ba shekara. Damina kaɗan ke baje shi. Abin da ke riƙe da shi shi ne dattijon da zai nuna ya ce nan wane yake kwance. Idan an raba dattijon da ƙasarsa, ya kuma rasu a wani gari, sai filin ya shiga taswira a matsayin fuloti, katafila ta ƙarasa abin da zaizaya ta fara.

Makabartar Gudu da ta sojoji da ke hanyar filin jirgin sama suna da shinge da masu kula. Waɗanda suka riga kowa zama a wannan ƙasa ba su cancanci ƙasa da haka ba. Ya kamata hukumar raya babban birnin tarayya, FCDA, da ƙananan hukumomi shida na yankin su zauna da sarakuna da dagatai, a bi ƙauyukan Bwari, Kuje, Kwali da Abaji, a auna tsofaffin makabartu, a rubuta su, a killace su kafin rabon filaye ya isa can. Dattawan da suka san wuraren kullum raguwa suke yi, don haka aikin na yanzu ne.