Yashin Da Ke Tafasa: Tarihin Wata Dabarar Ƙona Kwal

Tunda editan mujalla ya matsa in ce wani abu game da fannina na injiniya, sai na zaɓi tarihin wata irin tukunyar tururi.

Asalin dabarar daga Jamus ne. Fritz Winkler, ma'aikacin kamfanin BASF, shi ya lura cewa in an hura iska da ƙarfi ta ƙarƙashin garin kwal, sai ya riƙa motsi kamar ruwa na tafasa. A 1926 aka fara aiki da ita don samar da gas. A farkon shekarun 1960 kuma Douglas Elliott a Ingila ya ce a ƙona kwal cikin yashi mai tafasar nan, a binne bututun ruwa a ciki su ba da tururi.

Ribar tana cikin hayaƙi. Wutar takan tsaya wajen digiri 850, alhali tukunyar da aka saba tana wuce 1,400, don haka gubar naitirojin ba ta yawa. Sannan ana zuba garin farar ƙasa ya kame farar wutar da ke cikin kwal tun ba ta fita ta ɓata ruwan sama ba. Malamanmu na kimiyya za su tuna sun koya mana wannan haɗi a allo, lokacin rabinmu na gyangyaɗi.

To, amma gyara bai zo kyauta ba. A tashar gwaji ta Grimethorpe, wadda Ingila da Amurka da Jamus ta Yamma suka haɗa kai a kanta cikin shekarun 1980, an tarar bututun na sirancewa da sauri. Yashi na goge ƙarfe dare da rana, yana kankare ɓawon da ke kare shi. Inda kuma iska ta yi ƙaranci, farar wutar da aka kame takan saku ta ci ƙarfen. A ganina nan ne ainihin darasin aikin, domin tukunyar da bututunta ya fashe ba ta ba kowa lantarki.

Mafita ita ce cire bututun daga cikin yashin a mayar da su bango, a ƙara ƙarfin iska har yashi ya riƙa zagayawa, a shafe ƙasan bangon da yumɓu mai jure wuta. Kamfanin Ahlstrom na Finlan ya gina irin wannan a 1979. A 2009 Folan ta buɗe mai megawat 460 a Lagisza. Hayaƙin da ke ɗumama duniya kuwa, farar ƙasa ba ta rage shi ko kaɗan.