Daga Ƙofar Fada Zuwa Cikin Wadurob: Yadda Waƙa Ta Shigo Ɗakunanmu

Wani daren Asabar na kai ziyara wurin wani ɗan uwanmu ɗalibi a unguwar Setapak, nan Kuala Lumpur. Na yi sallama har sau uku ba a amsa ba, alhali ga takalmansa a bakin ƙofa. Da na leƙa sai na tarar da shi rabin jikinsa cikin wadurob, ya lulluɓa da bargo, yana rera waƙa a gaban wani ɗan makirfo da ya sayo a kasuwar Low Yat. Wai tufafin da ke rataye su ke shanye amsa-kuwwa. Shi ya rubuta baitocin, shi ya haɗa kiɗan a kwamfutarsa, kuma shi ke yi wa kansa amshi. Da ya gama ya sa mini na ji, wallahi waƙar ta yi daɗi. Amma kafin in tafi sai da ya sa na yi alkawarin ba zan faɗi sunansa ba, domin mahaifinsa limami ne a garinsu, kuma a danginsu kaf babu wanda ya taɓa waƙa da kiɗa.

Wannan alkawari ne ya sa ni wannan rubutu, don kuwa tsoron nasa yana da tarihi.

A ƙasar Hausa ta dā, kiɗa sana'a ce ta gado, kamar ƙira da jima da fawa. Mutum ba ya wayar gari kawai ya ce shi makaɗi ne. A gidan ake haifarsa, ya fara da ɗaukar kayan kiɗa, ya zama ɗan amshi, sannan in Allah ya nufa ya ja tasa ƙungiyar. Haka Musa Ɗanƙwairo ya taso a hannun mahaifinsa. Kuma duk kusancin makaɗi da sarki, jama'a maroƙi suke kallonsa, abin da Baturen nan M. G. Smith ya yi rubutu a kai tun 1957. Shi kansa Mamman Shata, wanda bai gaji waƙa ba, sai da ya sha fama da mahaifinsa kafin a ƙyale shi. A ɗaya ɓangaren kuma akwai rubutacciyar waƙa, irin ta Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Aƙilu Aliyu, wadda malamai da 'yan boko ke yi ba tare da an ga bekensu ba, saboda babu kiɗa a cikinta. Ke nan ɗan mutunci yana iya rubuta baiti, amma da zarar ganga ta shigo, maganar ta zama ta wasu.

Ɗaukar waƙar ma ba a hannun mawaƙi take ba. Sai gidan rediyo ya gayyace shi, ko kamfanin faifai irin su EMI ya ga zai ci riba da shi. Kaset ya ɗan sassauta wannan, domin tun daga shekarun 1970 mai rikoda yana iya ajiye ta a gaban makaɗi a wurin biki. To amma rikoda abin da aka yi kawai take kwashewa. In kana son kiɗa, dole dai ka tara makaɗa.

A ƙasashen Turawa an fara warware wannan matsala a 1979, lokacin da kamfanin TEAC na Japan ya fito da wata na'ura mai suna Portastudio, wadda ke ba mutum ɗaya damar ɗora sauti huɗu a kan kaset guda, ɗaya bayan ɗaya. Da irinta ne Bruce Springsteen na Amurka ya ɗauki kundinsa Nebraska a ɗakin gidansa a 1982. Mu kuwa tamu hanyar daban ce. Ta fim ta biyo.

Bayan fitowar Turmin Danya a Kano a 1990, masu shirya finafinai sun fahimci cewa 'yan kallon da suka tashi da finafinan Indiya ba za su yarda da fim babu waƙa ba. Ɗauko makaɗan gargajiya akwai tsada, kuma salonsu bai dace da waƙar saurayi da budurwa ba. Sai aka koma ga fiyanon Yamaha, wanda situdiyon Iyan-Tama na cikin waɗanda suka fara yin fice da shi. Yaro ɗaya mai kunnen kiɗa zai zauna a ɗaki ya fitar da sautin ganga da sarewa da goge. Da fim ɗin Sangaya ya fito wajejen 1999, waƙarsa ta cika gari, daga nan kuma ƙananan situdiyo suka yi ta buɗewa, musamman a titin gidan Zoo. A shekarar ce kuma Shata ya rasu. Ba na cewa ɗaya ne ya jawo ɗaya, amma duk sanda na haɗa abubuwan biyu sai jikina ya yi sanyi.

A nawa ganin, masu sukar waƙoƙin nanaye sun fi mai da hankali ga sautin, wai na Indiya ne, alhali babban sauyin yana ga mutanen da suka shigo. Tela da ɗan kasuwa da ɗan sakandare, waɗanda ko kalangu ba su taɓa riƙewa ba, suka zama mawaƙa. Fiyano ba shi da gidan gado, don haka babu wanda zai ce ka shiga sana'ar da ba taku ba. Katangar nan da ke tsakanin rubutacciyar waƙa da kiɗa ita ma ta tsage, inda irin su Aminu Ala, marubuci, ya ɗora baitocinsa a kan kiɗan zamani.

Hukuma ba ta zuba ido ba. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, kuma daga 2007 ta matsa lamba ƙwarai. An ɗaure Adam A. Zango a shekarar, a 2009 kuma kotu ta haramta wasu waƙoƙi goma sha ɗaya, aka kuma kama Ala. Sai dai a lokacin waƙa ta riga ta bar kaset ta koma memori, tana tsallakawa daga waya zuwa waya ta Bluetooth, inda babu shagon da za a rufe. Ta wannan hanya ce waƙoƙin da Mdou Moctar, Buzun Nijar, ya ɗauka a Sakkwato a 2008 cikin salon situdiyon Hausa suka zagaye Sahara, har wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya tsince su a wayoyin mutane ya fitar da ɗaya a faifai a 2011.

Abin mamaki, a daidai waɗannan shekaru irin haka ke faruwa a ƙasar nan da muke karatu. Yuna tana ɗalibar lauya a jami'ar UiTM ta fara sa waƙoƙinta a MySpace, da ɗankwalinta a kai, har ta kai ga kamfanonin Amurka. Zee Avi kuwa daga ɗakinta a Kuala Lumpur ta fara sa nata a YouTube a 2007, a 2009 kundinta ya fito a Amurka. Wata 'yar ajinmu Bamalayiya ta yi dariya da na ba ta labarin abokina, ta ce su a nan abin da uwa za ta fara tambaya shi ne ko waƙar za ta hana cin jarrabawa.

Yanzu ko situdiyon ma ba dole ba ne. Manhajar FL Studio a kan kwamfuta ta wadatar, wanda ba shi da kwamfuta kuma ga BandLab a waya, wadda kamfaninta ke nan maƙwabta a Singafo. A gida abin da ke damun yara shi ne ɗaukewar wuta da ƙarar janareto. Mu a nan wuta ba ta ɗaukewa, sai dai bango ba kauri, ga ruwan sama mai tsawa kusan kullum da la'asar.

Amma kada mu yi ta murna mu manta da wanda ya biya kuɗin wannan sauƙi. Ƙungiyar makaɗi guda tana ciyar da gidaje da dama: masu kiɗa, 'yan amshi, sanƙira, har da mai gyaran fatar ganga. Duk waɗannan yanzu maɓalli ne a kan allo. Kuma akwai abin da ke faruwa tsakanin Shata da 'yan amshinsa, yadda yake jefa magana nan take su cafe, wanda mutum ɗaya a cikin wadurob ba zai taɓa samu ba, ko da ya ninka muryarsa sau goma. Na faɗa wa abokina haka. Ya ce ya yarda, amma da sai an tara mutum goma, shi da har ya mutu bai yi waƙa ba.

Ya zuwa yanzu yana da waƙoƙi bakwai. Ɗaya a kan mahaifiyarsa ce, ya yi ta a watan azumin da ya wuce, lokacin da kewar gida ta dame shi. Ya tura wa ƙanwarsa ta WhatsApp, ya ce ta sa wa Hajiya ta ji, amma ta bari sai Malam ya fita masallaci.