Ɗan Hakin da Ka Raina: Tarihin Maleƙin Kyamara da Takalminsa

Duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar kyamara ta fim, ko ma sabuwa irin ta masu ɗaukar hoton biki, ya ga wani ɗan gurbi na ƙarfe a samanta, mai leɓe biyu, buɗe ta baya, toshe ta gaba. Faɗinsa bai kai santimita 2 ba. A yau fitilar hoto ake zurawa a cikinsa, shi ya sa da yawa suke zaton dominta aka yi shi, alhali ya girme ta. Aikinsa na fari shi ne riƙe maleƙi, wato ɗan gilashin da mai hoto ke kafa wa ido don ya ga iyakar abin da zai shiga cikin hoton. Masu sana'ar suna ce wa gurbin takalmi, gindin abin da ake zurawa kuma ƙafa. Shekara ɗari da 'yan kai ke nan wannan takalmi yana sakin ƙafar da aka ba shi amana, kuma akwai dalilin da ya sa har yanzu ba a raba su ba.

Asalin gurbin

Labarin ya faro ne a garin Wetzlar na ƙasar Jamus, a masana'antar Ernst Leitz mai ƙera madubin likita. A tsakanin 1913 da 1914, daidai lokacin da jirgin ƙasa ya fara kwasar gyaɗa daga Kano, wani ma'aikacin kamfanin mai suna Oskar Barnack ya ƙera 'yar kyamara da za ta shiga aljihu. Mutum ne mai fama da ciwon asma, ɗaukar manyan akwatunan hoto na zamanin yana wahalshe shi. Ya ɗauki fim ɗin silima mai faɗin milimita 35, ya tsara hoto mai girman milimita 24 da 36. A saman wannan gwaji ya kafa gurbin da muke magana a kansa.

Yaƙin duniya na farko ya tsayar da aikin. Sai a 1925, shekarar da aka yi wa Yariman Ingila hawan daba a Kano, aka baje kyamarar a kasuwar baje koli ta Leipzig da sunan Leica. Ido ɗaya gare ta, mai milimita 50, ba a cire shi, kuma an kafa mata maleƙi a jiki. Gurbin sai ya koma riƙe ma'aunin nisa, wani dogon bututu da ake leƙawa a san tazarar da ke tsakanin mai hoto da abin ɗauka.

A 1930 kamfanin ya fitar da Leica wadda ake kwance idonta a ɗaura wani: milimita 35 don faɗi, 50 don gani irin na yau da kullum, 135 don jawo na nesa. A 1932 aka shigar da ma'aunin nisa cikin jikin Leica II, a shekarar kuma kamfanin Zeiss Ikon na Dresden ya fito da kishiyarta, Contax. Daga nan matsalar ta haihu. A irin wannan kyamara mai hoto ba ta cikin idon kyamara yake kallo ba, ta wata 'yar taga ce daban, ita kuwa tagar ba ta san komai ba sai iyakar milimita 50. Wanda ya ɗaura wani ido dole ya nemi maleƙin da ya dace da shi, ya zura a takalmi.

Riƙon da babu kulle

Abin lura shi ne babu abin da ke riƙe da ƙafar sai matsi. Babu makulli, babu ƙusa. Leɓunan biyu suna tare ta daga sama, wani siririn ƙarfe mai dannawa yana matse ta, wani ɗan tudu a gaba yana hana ta wucewa. Dangantakar wuƙa da kube ce: muddin kuben na nan da tsaurinsa, wuƙa ba ta faɗuwa, ranar da ya buɗe baki, sai a neme ta a hanya.

Akwai hikima a tsarin. Mai hoto yana sauya ido cikin gaggawa, don haka maleƙi ma ya kamata ya fita da ja ɗaya. Da yake bakin gurbin ta baya yake, duk lokacin da mutum ya kai kyamara fuskarsa, goshinsa tura maleƙin ciki yake yi. Idan kuma wani abu ya fizge shi da ƙarfi, gara ya zame ya fita da ya ɓanɓare murfin kyamarar. Sai dai ta inda aka hau ta nan ake sauka. Hannun babbar riga ya shafe shi daga gaba, ko bakin jaka ya kama shi wajen ciro kyamara, ko jijjigar mota ta yi ta girgiza shi alhali idon kyamara na kallon sama, sai ya sulale ta baya ba tare da ko ƙara ba.

Nauyi ya ƙara wa matsalar gishiri. Don kada mutum ya cika aljihu da maleƙai, Leitz ya fitar da guda ɗaya mai aikin da yawa a farkon shekarun 1930, wanda aka sani da VIDOM. Irin waɗannan sunaye masu haruffa biyar kalmomin oda ne da dillalai ke bugowa ta wayar tangaraho don rage kuɗi. VIDOM yana juya hagu ta koma dama, sai wajen 1940 magajinsa VIOOH ya gyara wannan. Zeiss kuma ya yi nasa mai ƙananan idanu da ake juyawa a kan faifai. Bayan yaƙin duniya na biyu Tarayyar Sobiyet ta kwashe kayan ƙera Contax zuwa masana'antar Arsenal, inda kyamarar Kiev ta fara fita a 1947, masana'antar KMZ ta Krasnogorsk kuma ta kwaikwayi maleƙin Zeiss mai idanu biyar: 28, 35, 50, 85 da 135. Dukkansu ƙarfe ne da gilashi, dogaye, masu nauyin kai, a tsaye kan 'yar ƙafa ƙarama. Kowane girgiza yana buɗa leɓunan takalmin kaɗan kaɗan.

Ga kuma rashin ma'auni ɗaya. Shekara da shekaru kowane kamfani yana kwaikwayon gurbin Leitz da idonsa. Ƙafar Rasha tana iya yi wa takalmin Jamus yawa, ta Japan ta yi masa kaɗan. Wanda ya tura ƙafa mai kauri da ƙarfi sau ɗaya ya buɗa takalmin ke nan, duk wadda ta biyo baya sai ta yi ta rawa.

Abin da rawar ke ci

Mai karatu zai iya cewa, in dai bai faɗi ba, mene ne na damuwa? Faɗuwar ma ita ce ƙaramar asara, domin mai ita ya san ta auku. Babbar ita ce karkacewar da ba a gani.

Miƙa yatsa ɗaya gabanka, ka rufe idon dama, sannan ka buɗe shi ka rufe na hagu. Yatsan zai yi kamar ya yi tsalle. Haka maleƙi da idon kyamara suke: ɗaya yana sama da ɗaya da kimanin santimita 5, kowa da abin da yake gani. Daga nesa saɓanin ba ya komai. A tazarar mita ɗaya da rabi kuwa, ido mai milimita 135 yana ɗaukar abin da tsayinsa bai wuce santimita 25 ba, don haka santimita 5 ɗin nan kusan kashi ɗaya ne cikin biyar na hoton. Shi ya sa aka yi wa VIDOM ɗan hannu a gindi, mai sunkuyar da shi gwargwadon nisa. Wanda ya manta da hannun sai ya wanke fim ya tarar ya sare wa mutum rawani.

Sai lissafin rawar kanta. Tsawon ƙafar kusan milimita 18 ne. Idan ta sami sarari na kashi uku cikin goma na milimita, wato kaurin takarda uku, maleƙin yana iya karkacewa da kusan digiri 1. A tazarar mita 30, digiri ɗaya rabin mita ne. A ce mai hoto yana tsaye a filin hawan salla a Wurno ko Goronyo, ya daidaita mahayi a gefen hotonsa: rabin mitan nan shi ne kan dokin. Kuma ba zai sani ba sai dodon hoton ya fito daga wanki, bayan taro ya watse. Ga mai amfani da fim mai launi na Kodachrome, wanda sai an aika shi ɗakin wanki a ƙasar waje, labarin yakan iso ne bayan makonni.

Yadda kamfanoni suka yi ta fama

Hanya ta farko ita ce a kori maleƙin waje gaba ɗaya. A 1954, shekarar da Sardauna Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, ya zama Firimiyan Jihar Arewa, Leitz ya fitar da Leica M3. A cikin tagarta akwai layuka masu haske da ke nuna iyakar 50 da 90 da 135, suna kuma matsawa da kansu idan an daidaita nisa. Amma tagar ba ta iya ɗaukar faɗin 35, sai da aka yi wa idon wani tabarau da ke rufe gabanta. A wannan shekarar ce kuma Zeiss ya fitar da Biogon mai milimita 21, ido mai faɗin da babu tagar da za ta iya nuna shi a lokacin. An kori maleƙi ta ƙofa, ya dawo ta taga.

Canon ya bi wata hanyar. A kyamararsa VT ta 1956 ya sa wani ɗan tsinke a cikin takalmin, mai hawa da sauka tare da ma'aunin nisa, yana sunkuyar da maleƙin da kansa. A 1961 kuma ya fitar da Canon 7 babu takalmi sam. A 1965 ya mayar da shi a kan 7s.

Abin da ya rage wa maleƙin waje kasuwa da gaske shi ne kyamarar da ake kallo ta cikin idonta, musamman bayan fitowar Nikon F a 1959. A nan babu saɓani, abin da ka gani shi za ka samu. Takalmin sai ya sami sabon maigida. Tun 1938 wata kyamarar Amurka, Univex Mercury, ta sa masa mahaɗar lantarki don kunna fitila. A 1977, shekarar hawan dabar FESTAC a Kaduna, hukumar ma'aunai ta duniya ta tsayar da girmansa a ƙa'ida mai lamba ISO 518. Fitila tana da nauyi, don haka aka yi mata dabaran ɗaurewa, daga baya aka ƙara tsinken kulle. Minolta ya yi watsi da tsohon tsarin a 1988 ya ƙirƙiro nasa mai kullewa, amma Sony da ya gaji sashen kyamarorinsa ya koma siffar da aka saba a 2012. Ƙa'idar da makullan duk sun zo bayan an gama ƙera miliyoyin tsofaffin kyamarori, ba su amfane su da komai ba. Maleƙin kansa bai mutu ba: a 1999 kamfanin Cosina na Japan ya fitar da Voigtländer Bessa L, wadda ba ta da taga ko ɗaya sai abin da aka zura mata a takalmi.

Ga wanda ya gaji irinta

Manomin fadamar Shinaka ya san wannan ciwo a wani jikin. Idan ƙota ta saki ruwan fartanya, ba ya dukan ƙarfen. Ɗan tsinke ko ƙyalle yake cusawa ya cike sararin. Dabarar masu hoto ke nan tun zamanin Barnack, kuma ƙa'idarta ɗaya: a gyara abin da za a iya warwarewa.

A fara da duba ƙananan ƙusoshin da ke riƙe da takalmin, domin sau da yawa su ne suka saki. Idan suna nan daram, a sa 'yar takarda ko siririn tef a ƙarƙashin ƙafar, falle ɗaya bayan ɗaya, har ta shiga da ɗan tsauri. Takarda ta fi dacewa da ƙasarmu, domin a zafin bazara na Sakkwato, wanda ke haura digiri 40, ƙaron tef narkewa yake, ya kama ƙurar hunturu da ta rage a saƙo, ya zama kamar yashi mai cin ƙarfe. Kada a matse leɓunan da filaya: murfin waɗannan kyamarori siririn tagulla ne, yana lotsawa, ma'aunin nisa kuma yana kwance a ƙarƙashinsa. Kada a ɗiga gam mai kamawa nan take, domin tururinsa yana dusashe gilashi. Wanda zai hau babur ko ya kutsa taro, ya ɗaura zare mai ƙarfi daga wuyan maleƙin zuwa zoben maratayi, ko ya cire shi ya sa a aljihu. Bayan kowane gyara, a auna wata hasumiya mai nisa ta tagar kyamara, a sa ta a tsakiya, sannan a leƙa ta maleƙi. In ba ta tsakiya, da sauran aiki.

Kamfanonin da suka ƙera yawancin waɗannan maleƙai sun daina yin su tun da daɗewa, wasu kamfanonin ma babu su. Duk wanda ya faɗa cikin rairayi ya ɓace, an rage ɗaya daga adadin da ba ya ƙaruwa, idon da yake yi wa jagora kuma ya koma ɗaukar hoto da ka. Falle ɗaya na takarda da zare kamu ɗaya sun isa su hana hakan.