Daga Tamar Dala Zuwa Sifirin Tirela: Yadda Wuƙa Ta Yi Ta Sauya Kama a Ƙasar Wudil

Ranar Juma'a, tun kafin hantsi ya dubi ludayi, hanyar da ta taso daga Kano ta haye gadar Wudil takan cushe da manyan motoci. Ana sauke shanu, ana loda wasu zuwa Legas da Fatakwal, domin Karar Wudil na cikin manyan kasuwannin dabbobi na Najeriya. Idon baƙo a kan ƙaho da tozo yake tsayawa. Amma duk bajimin da aka sallama a nan, wuƙa ce ƙarshensa, kuma wanda ya bar ƙurar kara ya kutsa cikin kasuwa zai iske masu ita sun shimfiɗa buhu a ƙasa, sun jera wuƙaƙe da lauje da gatari da ruwan fartanya.

A tsaya a kalli mahauci yana zaɓe. Ba ya tambayar kuɗi da farko. Zai ɗauki wuƙar ya jinjina ta a tafin hannu, ya ƙyasta bakinta da farce ya kasa kunne, ya ɗan lanƙwasa ta ya ga ko za ta koma yadda take, sannan ya goga ta a gashin damtsensa. In ta aske, magana ta fara. In kuma da abin da bai yi masa ba, nan take zai faɗa: ƙotar ta cika siriri, ko cikin bai fito sosai ba, ko tsinin zai huda masa fata wajen fiɗa. Maƙerin yana ji yana gyaɗa kai. Juma'a mai zuwa, wuƙar da zai shimfiɗa ta ɗan bambanta da ta yau.

Ta wannan hanya sabon samfuri yake shigowa ƙira tun fil azal: mai saye ya kawo kuka, ƙarfen da ke hannu ya faɗi iya abin da zai yiwu.

Wudil ba ta da nisa da tushen labarin. Maƙwabciyarta Gaya ita ce garin da tarihin baka ya ce Abagayawa suka taso daga gare shi, maƙera masu neman tama, har suka yada zango a gindin Dala, kuma an ce sunan ɗaya daga cikinsu, Kano, shi ya bi birnin. Masu binciken kufai sun tono wurin narka tama a Dala wanda awo ya nuna ya kai wajen ƙarni na 7, wato ɗaruruwan shekaru kafin zuwan Bagauda. A wancan zamani, kafin a kai ga ƙera wuƙa ɗaya sai an haƙo tama, an sare ƙirya an ƙona ta ta zama gawayi, an gina rahoniyar yumɓu, an kwana ana ba wuta. Abin da zai fito dunƙule ne mai haɗe da kashin ƙarfe, sai an yi ta duka kafin ya zama abin aiki. Shi ya sa ƙarfe ba ya mutuwa a gidan manomi. Fartanya in ta cinye a mayar wa maƙeri ya fitar da wuƙa, wuƙa in ta sirance ta koma basilla.

Fada ma tana da nata kukan. Tarihin sarakunan Kano ya ce Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Ko daga ina kayan suka fito, gyaransu a hannun maƙeran gida ya faɗa, tare da linzami da likkafa da ƙaimi da mashi. Sana'ar ta rabu gida biyu: maƙeran baƙi masu dukan baƙin ƙarfe, da maƙeran fari masu aikin azurfa da tagulla. Sarkin Maƙera ke tsaye tsakaninsu da sarki, ta bakinsa ake ba da aikin fada. Suna da kiɗansu na dundufa, suna da wasan wuta da suke nuna gado da shi, suna kuma jingina sana'arsu ga Annabi Dawuda, wanda Allah ya tausasa wa ƙarfe.

Masu ƙorafin cewa wuƙar waje ce ta kashe kasuwar maƙeri a yau, ya kamata su ji abin da Heinrich Barth ya tarar. Bajamushen ya shigo Kano a 1851, ya kuma ƙiyasta cewa ruwan takobi kusan 50,000 ake shigowa da su ta Sahara a kowace shekara, akasarinsu ƙirar Solingen ta ƙasar Jamus. Ya ga askar Turai da allurar Turai a kasuwa. Abin lura shi ne, tsirara ruwan takobin yake isowa. A Kano ake yi masa mariƙi, dukawa su ɗinka masa kube na jar fata, sannan a sake fitar da shi zuwa ƙasashen Buzaye da Barno da Nufe a matsayin kayan Kano. Masu sana'ar Kano ba su yi jayayya da ƙarfen baƙo ba. Sun duba abin da ya rasa, suka ƙara masa, suka ci riba.

Ƙarshen ƙarni na 19 lokacin cinikin makami ne a wannan yanki. Ningawa suna kawo hari ta kudu maso gabashin Kano, sannan yaƙin Basasar Kano ya ɓarke a 1893, ɓangaren Yusufawa suka kafa sansaninsu a Takai, can gaba da Wudil, kafin su nufi birni. Bayan Turawa sun ci Kano a Fabrairun 1903, wannan ciniki ya mutu murus. Takobi ya koma kayan ado na hawan Sallah, mashi ya koma hannun maharba.

Abin da ya ceci sana'ar ta kan dogo ya zo. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, shekara ɗaya bayan haka cinikin gyaɗa ya tashi, kowa ya faɗaɗa gona, buƙatar garma da fartanya ta ninka. Jirgin ya kuma zo da abin da ya fi haka: ƙarfe a arha. Sandunan ƙarfe na kanti, guntayen dogo, tsofaffin ganguna, daga baya ɓaraguzan mota. Wa zai kwana yana narka tama alhali ga ƙarfe tatacce a yashe? Sannu a hankali narkar tama ta zama labari, har yau da wuya a sami maƙerin da ya taɓa ganin an yi. An yi asarar ilimi, babu ko shakka. Amma ƙira ita kanta bunƙasa ta yi. Da ma'aikatan gona na Turawa suka fara yaɗa garmar shanu daga ƙarshen shekarun 1920, maƙera suka kwance ta suka duba, suka fara ƙera bakinta, daga baya suka riƙa yin ta ɗungurungum. Haka suka yi wa injin ɓarar gyaɗa na hannu, da tarko, da murhun gawayi, da ƙafar amalanke.

A wajen mai ƙera wuƙa kuwa, babu kyautar da zamani ya kawo kamar sifirin mota. Rodin gini ƙarfe ne mai taushi, ko an wasa shi kaifin ba ya daɗewa. Sifirin kuwa an yi shi ne don ya lanƙwashe ya dawo, yana kuma karɓar tauri idan an gasa shi an tsoma a ruwa ko baƙin mai. Garin da tireloli ke ratsawa dare da rana zuwa Azare da Potiskum da Maiduguri ba ya rasa karyayyen sifirin, abin da ya gagara kuma a sayo shi a Ƙofar Ruwa cikin birni.

Aikin da kallo. Yaro yana gefe yana zuga. A da zugazugin fatar akuya ne, yanzu a maƙera da yawa wilin keke ne aka haɗa da fanka, ana juyawa da hannu ɗaya, wata dabara da babu wanda ya koya musu a aji. Ƙarfe ya yi ja, maƙeri ya cafko shi da awartaki ya ɗora kan uwar maƙera, ya kafa kurfi, mataimakinsa ya sauke masaba, a tsaga sifirin gida-gida. Daga nan sai duka da juyi, a miƙar da shi, a fitar da ƙashin baya da kauri, a sirantar da baki, a ja wutsiyar da za ta shiga ƙota. Wurin da gwaninta take shi ne tsomawa. In aka tsoma da zafi fiye da kima, bakin zai riƙa ɓantarewa a kan ƙashi. In zafin bai kai ba, ta zama wuƙar yanka albasa. Ba shi da ma'aunin zafi, launin ƙarfen yake karantawa, shi ya sa da yawansu suka fi son su yi wannan aiki a inuwa.

Kuma ba wuƙa ɗaya ba ce. Ta yanka doguwa ce mai kaifi ƙwarai, don shari'a ta hana a wahalar da dabba. Ta fiɗa gajera ce mai ciki, don fatar da aka huda darajarta ta faɗi a wajen majema. Mai kilishi yana son siririya da za ta shimfiɗa tsoka kamar takarda. Mai rake yana son wadda za ta fere ta kuma datse. Masuntan kogin Wudil suna da tasu buƙata ta ƙugiya da mashin kifi, baduku yana da 'yar wuƙarsa ta yankan fata, mai sassaƙa yana da gizago, wanzami yana da aska da 'yan ƙarafan zabirarsa. Kowace siffa a cikin waɗannan, wani mai sana'a ne ya zauna a bakin maƙera ya yi ta ƙorafi har aka dace.

Wasu kayan sun tafi ba dawowa. Ashana ta kori ƙyastu. Reza da kilifa sun ci rabin kasuwar aska, musamman tun da aka fara wayar da kai a kan cututtukan da ke bin jini, mutane suka fara zuwa wajen wanzami da sabuwar rezarsu. A ɗakin girki, wuƙar Sin mai ƙotar roba ta zauna daram, saboda ba ta tsatsa kuma kuɗinta kaɗan ne, ko da yake duk matar da ta gwada datsa ƙashin kaza da ita ta san iyakarta.

To me ya rage a ƙirƙiro? Amsar tana nan a cikin kasuwar Juma'ar. Abin mamaki ne a ce garin da dubban shanu ke wucewa ta cikinsa kowane mako, ba kasafai ake ganin wuƙar gyaran kofato a shimfiɗar maƙeri ba, wadda bakinta yake da 'yar lanƙwasa, alhali masu kiwon turka suna ƙaruwa kuma dabbar da ba ta yawo kofatonta tsawo yake yi. Mahauci yana sayen wuƙar yanka a nan, ta fiɗa a can, gatarin sara a wani wuri. Wanda ya haɗa masa su wuri ɗaya da magagari, cikin jakar fata mai aljihu-aljihu, ya maimaita dabarar da Barth ya gani ke nan, ya kuma jawo baduku cikin cinikin. Masu noman rani a bakin kogi suna buƙatar ƙaramar wuƙar ɗaurin aure na mangwaro da lemo, da lauje mai haƙora na yankan shinkafa. Wuƙa mai naɗewa ma ba gagara ba ce. Okapi, wadda aka fara ƙerawa a Solingen ɗin nan a 1902 kafin masana'antarta ta koma Afirka ta Kudu a 1988, ba wani abu ba ce illa ruwa da ƙotar katako da ɗan sifirin a baya, kuma ta zagaye nahiyar nan.

Ƙarfen da ba ya tsatsa shi ne mai wuyar sha'ani. Tun 1913 Harry Brearley ya gano shi a Sheffield ta Ingila, kuma shi masu abinci ke so a yanzu. Sai dai ba ya karɓar tauri sai an kai shi zafin da ya haura digiri 1,000 an kuma tsare shi daidai, abin da ido da gawayi ba sa iya lamuncewa. A nan ne ake jin haushin tazarar da ke tsakanin maƙera da makarantu. Wudil tana da tsohuwar kwalejin fasaha, tana da jami'ar kimiyya da fasaha da ta fara aiki a 2001, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Aliko Dangote. Ƙaramar tanda mai ma'auni wadda maƙera goma za su yi tarayya a kanta ba ta fi ƙarfin aikin ɗaliban injiniya na ajin ƙarshe ba.

Akwai kuma batun tambari. Addar Martindale mai hoton kada ta yi suna a Afirka ta Yamma har manomi ba ya tambayar sunan kamfani, kadan yake nema. Wuƙar gida kuwa yawanci ba ta da shaida. Ta yi kyau ba a san wa za a koma wa ba, ta karye a zagi maƙera baki ɗaya. Ɗan hatimi da za a buga a gindin ruwa tun yana ja zai kuma yi wani amfani a jihar da 'yan sanda ke yawan kama 'yan daba da wuƙaƙe da barandami, har zargi yakan fantsamo wa masu ƙira. Wanda ya sa alamarsa a kan wuƙar fawa ya nuna wa ya yi wa aiki.

Makon Babbar Sallah ne kaɗai lokacin da babu mai zancen sabon samfuri. Kowane magidanci ya tuna cewa wuƙarsa ta bara ta yi tsatsa a saman katanga, masu wasa wuƙa suna bin lunguna suna shela, maƙeri kuma tun asuba yake hura wuta. A ƙofar maƙera za a ga ganyen sifirin a jingine, an riga an zana masa layi da alli, yaro yana tsugune yana ƙirga wuƙa nawa za ta fita a ciki.